Ɗan New Bell ne kai, to ka rubuta haka

Duk wanda ya leƙa shafukan matasanmu na Duwala a Facebook ko TikTok zai ga wani abin mamaki. A gurbin da ake rubuta garin mutum, wannan ya sa Kano, wancan ya sa Dubai, wani ma Madina. Da ƙyar ka ga wanda ya rubuta New Bell, alhali a nan aka yanke masa cibiya, a nan aka binne kakansa.

Ba mu ce babu dalili ba. An fi sanin unguwar da gidan kurkuku da cunkoso da ambaliyar damina. Yaron da ya tashi ana ce masa "wajo" a aji, dole ya nemi inda zai fake. Wasu sukan fake a Kannywood, su ari karin harshen Kanawa. Wasu kuma sukan yanke sunan yanka gida biyu, su koma Faransanci zalla, ko "sannu" ba ka gani a shafinsu. Duka biyun gudu ne.

Amma gudun me? Tun 1914 aka kafa New Bell, lokacin da Jamusawa suka ƙwace filayen Duwalawa na bakin kogin Wuri, rikicin da ya sa aka rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta na shekarar. Baƙi ne suka cika unguwar, kuma fataken Hausawa na cikin na farkon zama. Yau fiye da shekara 100 ke nan. Wanda zuriyarsa ta yi wannan daɗewa, ai ba ɗan ci-rani ba ne.

Maganar fa ba ta ado ba ce kawai. A Kamaru, tambayar wa ke ɗan ƙasa, wa ke baƙo, tana da nauyi. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta ce magajin babban gari irin Duwala sai ɗan asalin yankin. A irin wannan yanayi, saurayin da ya rubuta Kano da hannunsa ya ba mai cewa "ku koma Najeriya" hujja a ɓagas. Kuma mai ɗaukar aiki da mai gidan haya, su ma waya gare su.

Kallon fim ɗin Kano ba laifi, zumunci ne. Faransanci ma namu ne, da shi ake cin jarrabawa. Abin da muke nema kaɗan ne: a ɗauki sahun Juma'a a babban masallacin New Bell, da telolin Kasuwar Kongo, da masu tsire da yamma. A zaunar da tsohuwa ta faɗi yadda gidansu ya zo, tun tana da rai, a sa fassarar Faransanci a ƙasa don maƙwabta Basa da Bamileke su ji. Malaman Islamiyya da na boko su sa ɗalibai wannan aiki kafin hutu mai zuwa.