SHARHI: Mutum-mutumi a ɗakin tiyata da ciwon kwatangwalon mutanen Potiskum

Duk wanda ya taɓa neman labarin asibitocin Indiya ko na Masar a wayarsa ya san yadda tallarsu ke bin mutum: dashen gaɓar kwatangwalo da taimakon mutum-mutumi, yanka kaɗan, tashi da wuri. Waya ba ta tambayar unguwa, don haka abin da ake gani a Maitama ta Abuja shi ake gani a Bolewa ta garin Potiskum. Sai dai a Bolewa, iyalin da tallar ta shiga ransu shanu ko fili za su sayar. Ya kamata su san abin da kuɗinsu zai saya kafin su kira dillali.

Aikin kansa tsoho ne. A 1962 ne likitan Ingila John Charnley ya daidaita salon da ake bi har yau a asibitin Wrightington: a yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, a soka ƙarfe mai ƙwallo a cikin ƙashin, a dasa ƙoƙo a kwatangwalo domin ƙwallon ya riƙa juyawa a ciki. Ya yi nasarar da mujallar likitoci ta Lancet ta kira shi tiyatar ƙarni a 2007. Wani nazari da mujallar ta buga a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 58 cikin 100 na gaɓoɓin da aka dasa suna kai shekara 25 suna aiki, kuma kusan dukkansu da hannun likita aka dasa su.

Na'ura ta shigo a 1992, lokacin da aka yi wa mutum na farko aiki da ROBODOC a birnin Sakaramento na Amurka. Ita da kanta take fafe ƙashin. Ta samu kasuwa a Jamus, daga baya marasa lafiya suka shigar da ƙararraki kan raunin tsoka da ɗingishi, asibitocin ƙasar suka jingine ta. Wadda ake yayi yanzu, Mako, wadda kamfanin Stryker ya saya a 2013 kan dala biliyan 1.65, ta ɗauki darasi daga wancan tuntuɓe. Ana ɗaukar hoton CT na majinyaci, kwamfuta ta zana siffar ƙashinsa, likita ya tsara girman ƙoƙon da kusurwar da zai zauna. A ɗakin tiyata likitan ne ke riƙe da hannun na'urar, ita kuwa ta ƙi motsawa in ya nemi wuce iyakar da aka shata. Sunan mutum-mutumi ya fi ƙarfin abin. Linzami ce a hannun gwani.

Abin da bincike ya tabbatar shi ne tana taimakawa wajen zaunar da ƙoƙon inda aka nufa, da daidaita tsawon ƙafafu. Wannan ba abin rainawa ba ne ga mutanenmu. Baturen da aka yi wa dashe kujera yake komawa, amma Babole ko Bangizime ko Bakarkare tabarma zai koma, da masai na tsugunno, da sujada da zaman tahiya sau biyar a yini, kuma irin wannan lanƙwasa ce ke gwada ko ƙwallon zai goce daga ƙoƙonsa. To amma har yanzu nazarce-nazarce ba su nuna a fili cewa wanda na'ura ta taimaka a aikinsa ya fi tafiya daidai bayan shekaru ba, ko kuma gaɓarsa ta fi daɗewa, idan aka gwada da aikin ƙwararren likita mai yawan yi. Aikin yakan ɗan fi daɗewa, na'urar ta haura dala miliyan ɗaya, tana kuma son kayan dashe na kamfaninta, da injiniya a kusa, da wutar da ba ta ɗaukewa.

Su wa ke buƙatar dashen a Potiskum? A Turai galibi tsofaffi ne da gaɓa ta cinye. A nan akwai matasa da yawa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen cutar sikila, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu ɗauke da ita kowace shekara. Cutar kan toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu a hankali, ya lotsa. Yarinya 'yar shekara 19 sai ta fara ɗingishi, a ce sanyin ƙashi ne, a yi ta shafe-shafe. Magungunan sa ƙiba irin su “sha ka fashe”, waɗanda ake saye ba da izinin likita ba, su ma suna iya kashe wannan ƙashi. Ga kuma haɗarin mota, a garin da ke kan titin Kano zuwa Maiduguri, mai babbar kasuwar shanu da tireloli ba adadi. Karayar wuyan ƙashin cinya tana cikin gaɓa ne, inda karan mai ɗori ba ya kaiwa. Watannin da ake shafewa ana jiran ta haɗe su ne ke mayar da abin da ƙusoshi uku za su gyara ya zama sai dashe.

Mai sikila ma shi ne ya fi nuna inda gizo ke saƙar. Ramin ƙashinsa kan tsuke ya yi tauri, don haka tsarin kwamfuta zai iya amfanarsa. Amma abin da ke raba shi da mutuwa a makon aikin shi ne jinin da aka tantace, da iskar oksijin, da likitan jini, da ɗakin tiyata mai tsafta, domin ƙwayar cuta in ta kama ƙarfen, sau da yawa sai an ciro shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da na'urar ke kawowa.

Mutumin Bolewa yana da asibitin ƙwararru a cikin gari, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, tafiyar kimanin kilomita 100, da na Jami'ar Maiduguri, sannan Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959 kuma ya daɗe yana dashen gaɓoɓi. Cikas ɗin kuɗi ne. Da dala ake shigo da ƙarfen, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 farashinsa ya tsere wa talaka. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga tsarin, Yobe ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma manyan ayyuka irin wannan daga aljihu akasari ake biyansu. A ganina, gwamnan da ke da dala miliyan ɗaya na kashewa kan ƙashi zai fi tayar da mutane tsaye in ya sayi kayan dashe da yawa a farashin sari, ya ɗauki masu gashin ƙashi a Potiskum da Gashuwa, ya sa a riƙa ɗaukar hoton kwatangwalon duk mai sikilar da ya yi kukan ciwon matsematsi. Sai dai na'ura tana da daɗin ƙaddamarwa a gaban 'yan jarida, mai gashin ƙashi kuwa ba a yanke masa kyalle.

Wanda Allah ya hore wa, ya ƙudurta fita waje, ba laifi ya nemi asibiti mai na'urar. Kafin ya biya, ya tambayi likitan dashe nawa yake yi a shekara, da sau nawa ya yi wa masu sikila in shi mai sikila ne. Ya karɓo takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙarfen da lambarsa, domin matashin da aka yi wa dashe yana da shekara 25 da wuya ya tsira daga aiki na biyu, kuma likitan da zai yi shi, wataƙila a Dala, sai ya san abin da ke cikin jikin. Ya kuma shirya tun kafin tafiya wanda zai duba ciwon in ya fara ruwa mako uku bayan ya dawo gida.