El Anatsui: Mai Saƙa da Murafen Kwalba

Yau za mu leƙa garin Nsukka na Jihar Enugu, inda wani dattijo ke mayar da abin da muke kira shara ya zama kayan kallo da duniya ke rububi.

Sunansa El Anatsui. An haife shi a garin Anyako na ƙasar Ghana a 1944, ya yi karatun zane da sassaƙa a Kumasi, sannan a 1975 ya fara koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka.

Shi da mataimakansa sukan tara murafen kwalaben giya na alminiyam, su baje su, su huda, su ɗinke su da siririyar wayar jan ƙarfe. Dubban murafe sai su haɗu su zama kamar makeken zane mai ƙyalli da ke rufe bango guda. Masu kallo da dama sukan tuna da kente, saƙar nan ta Ghana. A 2015 an ba shi kyautar Zakin Zinare a bikin baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya, a 2023 kuma aka rataye aikinsa a Tate Modern da ke Landan.

To, me ya sa murfin giya? Giya tana cikin kayan da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma suna musaya da bayi. Ke nan ɗan murfin da aka jefar yana ɗauke da tarihi mai ɗaci. Yana kuma tona asirin yawan abin da mutanen yau ke sha suna zubarwa.

Mu ma sharar unguwarmu tana ba da labarinmu. Ledar ruwa da robar lemo da ke toshe magudanai da damina, har ruwa ya shiga gidaje, daga hannunmu suka fito. Kuma hikimar sarrafa su ba baƙuwa ba ce: masu ƙira suna narka gwangwanin lemo su zuba tukwane, ƙannenmu suna haɗa mota da gwangwanin madara.

Don haka kada mu raina darasin zane, kada mu raina 'yan gwangwan. A wannan zangon, kowane aji ya tara murafen lemo na wata guda, a wanke, a ƙirga, a haɗa wani abu da su a kafa a makaranta. Ku rubuto mana adadin da kuka samu da abin da kuka ƙera.