Lissafin Kuɗinka Ya Kwana A Gidanka

Ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye babban ɓangare na Kasuwar Monday a Maiduguri. Ranar 10 ga Satumban 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Gamboru, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa da ita kanta kasuwar, sannan ya biyo kogin Ngadda ya gangaro fadamun Jere. An yi jimamin rayuka, an ƙidaya gidaje da shaguna da buhunan hatsi. Amma akwai asarar da ba ta shiga rahoton kowa ba, wato littattafan lissafi. Littafin bashin mai shago, takardar uwar adashe, ɗan littafin da dillalin shinkafa ke rubuta wa ya karɓi buhu nawa, duk sun ƙone ko sun jiƙe. Bayan ruwa ya janye sai gardama ta taso tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna cin amanar juna lafiya lau, wannan ya ce ya biya, wancan ya ce bai gani ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Shaidar ce ta tafi.

Ni ne ma'ajin wata ƙaramar ƙungiyar manoman shinkafa a nan Khaddamari, hedikwatar ƙaramar hukumar Jere, kuma ni ke riƙe da lissafin gidanmu. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu mayar da lissafin kuɗinmu cikin kwamfuta, amma kwamfutar da ke hannunmu, a ɗakinmu, ƙarƙashin makullinmu. Hanyar yin haka ta samu, kyauta ce, kuma ba ta fi ƙarfin yaranmu da suka karanci kwamfuta ba.

Rubuta lissafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Manomin da bai san yawan abin da ya girba ba, ta yaya zai san ko ya kai nisabi na wusƙi biyar? Ta yaya zai raba gonar da ruwan sama ko ambaliya ya shayar, wadda ake fitar wa ɗaya bisa goma, da wadda ya shayar da injin ban-ruwa da fetur ɗinsa, wadda ake fitar wa ɗaya bisa ashirin? Ga kuma sabon nauyi da zamani ya ɗora mana. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kuɗin mutum ɗaya ya rarrabu: wani a banki, wani a OPay ko Moniepoint, wani a hannun mai POS, wani a aljihu. Kowace hanya da ɗan abin da take yanka. Naira 50 a kan taransifa ta dubu goma zuwa sama ba ta da yawa a ido, amma wanda bai rubuta ba ba zai taɓa sanin abin da ta tara a shekara ba.

Wani zai ce ai ga manhajojin lissafi nan birjik a waya, a sauko da ɗaya mana. Ina da dalilai uku na ƙin dogara da su. Na farko, mai kamfani yana iya rufe shagonsa duk ranar da ya ga dama. Manhajar Mint ta Amurka ta yi shekaru tana riƙe da lissafin miliyoyin mutane, amma kamfanin Intuit da ya mallake ta ya rufe ta a watan Maris na 2024, ya ce masu amfani da ita su koma wata manhajarsa, Credit Karma. Na biyu, lissafin kuɗi sirrin gida ne. Duk wanda ya ga abin da kake kashewa ya san ciwon da ke damun iyalinka, ya san wanda kake bi da wanda ke bin ka. Mun ga yadda wasu manhajojin bayar da rance suka riƙa kwashe lambobin wayar mutane suna tura wa dangi da abokai saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta shiga farautarsu a 2022. An sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a watan Yunin 2023, abin a yaba ne, sai dai doka tana hukunci ne bayan ɓarna ta auku. Na uku, mu mutanen Borno mun san intanet ba abin jingina ba ne. A watan Mayun 2013 aka kashe layukan waya a jihar nan na tsawon watanni. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin Maiduguri ya daɗe cikin duhu. Lissafin da ba ya buɗuwa sai da data, ba zai amfane ka ranar da ka fi buƙatarsa ba.

Abin da muke amfani da shi sunansa Firefly III. Wani ɗan ƙasar Holan, James Cole, shi ya rubuta manhajar, ya sake ta kyauta, kuma kowa na iya duba yadda aka gina ta. Tana aiki da tsarin rubutu biyu, wato duk kuɗin da ya motsa sai an faɗi inda ya fito da inda ya shiga, tsarin da Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa a Italiya tun 1494. A cikinta na buɗe asusun banki, da asusun kuɗin hannu, da na bashin da muke bi, da na wanda ake bin mu. Taki, iri, maganin feshi, fetur, kuɗin 'yan ƙwadago, kuɗin casa, ladan mota zuwa kasuwa, kowanne da gurbinsa. Akwai irinta, kamar Actual Budget wadda aka saki kyauta a 2022. Ba suna nake tallatawa ba. Abin da ya dame ni shi ne inda bayanan ke kwana.

A da, girka irin wannan manhaja aiki ne na ƙwararru, domin tana buƙatar wasu manhajojin kafin ta tashi, kuma in ɗaya ta saɓa da ɗaya komai ya tsaya. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne fasahar kwantena, wadda Docker ya yaɗa tun 2013. Kamar kwantenar kaya ce da ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Legas: an shirya komai a ciki an rufe, kowace tirela ta ɗauka za ta kai shi yadda yake. Manhajar da duk abin da take buƙata suna cikin ƙunshi ɗaya, ka ɗora a tsohuwar kwamfuta ko sabuwa, aikinta ɗaya ne. Tamu tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ce mai Linux, batirinta na riƙe wuta, da rana kuma sola ke ciyar da ita. Ba a buƙatar intanet mai ƙarfi sai lokacin sauko da ƙunshin ko sabunta shi. Daga nan wayoyin gida na iya shiga ta na'urar Wi-Fi ko da babu data ko kaɗan.

Ga yadda shirin yake, don kada a ɗauka tsafi ne. Fayil na farko da ake rubutawa shi ne docker-compose.yml, wanda ke faɗin kwantenonin da za su tashi tare: ɗaya ta manhajar, ɗaya ta rumbun bayanai na MariaDB inda alƙaluman ke zama, da wata ƙarama mai tada ayyukan da ke maimaituwa, kamar kuɗin haya. Sai fayil na biyu, .env, inda saituna suke. A nan ne mai girkawa zai natsu. Akwai mabuɗin da ake kira APP_KEY, dole ya zama harafi 32 cif, kuma ka ƙirƙiri naka, kada ka bar wanda ya zo da shi. Kalmar sirrin rumbun bayanai dole ta zama iri ɗaya a ɓangaren manhaja da ɓangaren rumbun, in ba haka ba ba za su gane juna ba. Agogon manhajar yana zuwa ne a kan lokacin Amsterdam, sai a mayar da shi Africa/Lagos don kada cinikin dare ya faɗa a ranar da ba tasa ba. Kuɗin lissafi kuma yana zuwa a yuro, sai a sa naira tun kafin a rubuta ko sisi. Bayan haka umarni ɗaya ne, docker compose up -d, sai komai ya tashi. Wanda ya fara yin rajista shi ne mai gida, don haka mai lissafin ne ya kamata ya fara shiga da kansa, ba yaron da ya girka ba.

Yanzu ga wurin da nake so mai karatu ya fi riƙewa. Kwantena abin yarwa ce. Ana iya goge ta a sauko da sabuwa cikin mintuna. Alƙalumanka ba a cikinta ya kamata su zauna ba, sai a wata ma'ajiya dabam da ake ware mata a faifan kwamfutar. Wanda bai ware wannan ma'ajiya ba, ranar da ya sabunta manhaja zai tarar da shafi fari. Haka nan ƙara harafi ɗaya, -v, a umarnin sauke kwantenoni yana share ma'ajiyar gaba ɗaya. Kuma ko an yi komai daidai, kwamfutar da ke ɗaki ruwa na iya cin ta kamar yadda ya ci littafi, ɓarawo na iya ɗauke ta. Saboda haka ƙa'idarmu kwafi uku ne. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan fitar da kwafin rumbun bayanan tare da fayil ɗin saituna, in kulle su da kalmar sirri. Ɗaya ya zauna a kwamfutar, ɗaya a filashi da ke gidan shugaban ƙungiya, ɗaya kuma in tura wa ɗan'uwana a Kano idan layi ya yi kyau. Lokaci zuwa lokaci mukan ɗauki kwafin mu tada shi a wata kwamfutar, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko yana da rai ba. Ba ma buɗe manhajar ga intanet na waje, kuma ba ma sabunta ta sai mun ɗauki kwafi tukuna.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Yawancin manoman Jere ba su da kwamfuta, da yawa karatun allo suka yi, ba boko ba. Manhajar da Turanci da wasu harsunan waje take magana, babu Hausa, babu Kanuri. Haɗa ta kai tsaye da banki an fi tanadarsa don bankunan Turai, don haka mu da hannu muke shigarwa, ko mu sauko da bayanan asusu mu loda. Sannan wanda ke riƙe da na'urar yana ganin sirrin kowa. Duk wannan haka yake. Amsata ita ce ba kowane manomi ne zai zama masanin kwamfuta ba, kamar yadda ba kowa ne ke rubuta takardar cinikin gona da hannunsa ba. Ƙungiya ɗaya, na'ura ɗaya, amintaccen mutum ɗaya, da shaidu. Mu a ƙarshen kowane wata mukan buga taƙaitaccen lissafi a takarda, a karanta a gaban kowa da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa, wanda ke da ja ya yi a nan take. Littafin takarda ma ba mu jefar da shi ba, shi ne na gona da kasuwa, da yamma a kwafe. Wanda kuma lissafinsa bai da yawa, manhajar GnuCash ko jadawalin kwamfuta na yau da kullum ya ishe shi, muddin yana ajiye kwafi a wani wuri.

Amfanin da muka gani ya wuce tsaron bayanai. Da muka jera kuɗin noman rani da na damina gefe da gefe, sai kowa ya ga da idonsa yadda fetur ɗin ban-ruwa ke cinye riba tun bayan cire tallafinsa a watan Mayun 2023, maganar injin sola ta daina zama hira ta zama shawara. Wanda ke karɓar taki bashi don ya biya da shinkafa a kaka, yanzu yana iya lissafa ainihin abin da bashin ya ci masa. Manomin da ya je neman rance ko tallafi da lissafin shekara biyu a hannunsa, ba a yi masa kallon mai roƙo.

Kirana na farko ga matasanmu ne da suka fito daga Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, da waɗanda suka shiga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT na gwamnatin tarayya. Ga aiki a ƙofar gidanku. Ku girka wa ƙungiyoyin manoma da na adashe da 'yan kasuwa, ku koya musu, ku karɓi ladanku, kuma ku riƙe amana; da ɗan gari akan ci gari. Malaman harsuna su haɗa hannu da su a fassara waɗannan manhajoji zuwa Hausa da Kanuri, tunda ƙofar fassara a buɗe take ga kowa. Majalisar ƙaramar hukumar Jere da ƙungiyoyin agaji, idan za ku tallafa wa ƙungiya, ku haɗa da tsohuwar kwamfuta mai lafiya da farantin sola da horo, ku bar bayanan a hannun masu su. Lawanai da bulamai, waɗanda rigimar bashi ke ƙarewa a zaurensu, su riƙa tambayar kowace ƙungiya ina kwafin lissafinta yake.

Kai kuma mai karatu, ko ba ka da kwamfuta, fara da abin da ke hannunka a yau. Rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ɗauki hoton kowane shafi, ka ajiye kwafi a wurin wanda ka amince da shi a wata unguwa ko wani gari. Dukiyar da ka sha rana ka tara ta cancanci shaidar da kai ke riƙe da ita. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya kare mu daga asara.