Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta mai ɗori ba ce

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, yau maganar ƙashi za mu yi, kuma mun san wasu ba za su ji daɗi ba.

Ɗan kabu-kabu ya faɗi, ƙashin ƙwauri ya huda fata, sai a kai shi wurin mai ɗori. A shafa magani, a jera kara, a ɗaure tamau. Bayan kwana uku ƙafa ta yi baƙi, ta fara wari, sannan a nemi mota zuwa Galmi ko Tawa, inda sau da yawa yankewa kawai ta rage wa likita. Sai kuma a dawo gari ana cewa "asibiti yanke ƙafa suke yi". Haba jama'a! Tun a gida ƙafar ta mutu. Ɗauri mai tsanani yana tare jini, naman da bai samu jini ba kuwa cikin ƴan awoyi yake lalacewa.

Ba mu raina masu ɗori ba, gado ne, kuma su ne kusa da talaka. Amma karayar da ke da rauni a buɗe wanki take so, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri, da allurar tetanus. Ba aikin kara ba ne.

Kada hukuma ta ce mana sai da injuna masu tsada. A 2015 an fitar da wani babban bincike mai suna FLOW, kan masu irin wannan karaya sama da 2,400. An gano ruwan gishirin asibiti, irin na ƙarin ruwa, ya fi ruwan sabulu wajen wanke raunin, kuma ba dole sai da injin feshi mai ƙarfi ba. A shekarar dai, kwamitin mujallar Lancet ya sa wannan aiki cikin tiyata uku da ya kamata kowa ya samu cikin awa biyu, tare da tiyatar haihuwa da ta buɗe ciki. Awa biyu! Wanda ya taɓa fitowa daga ƙauyukan Keita da damina, korama ta kawo, ya san lissafin.

Don haka muna tambayar masu kula da lafiya na jihar Tawa: a asibitocin gundumominmu uku, wanne ne zai iya wanke karaya ya kafe ƙashi a daren da aka kawo mutum? Kuma yaushe za a zauna da masu ɗori, ta hannun sarakuna, a yi yarjejeniya cewa in sun ga jini ko ƙashi a waje, su tura asibiti nan take?