Wanne Ya Fi, Cin Kwaf Ko Koyar Da Yaro?

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare wajen Malkohi, hedimasta ya danƙa mini 'yan ƙwallo, ya ce shi dai kwaf ya ke so. To, a makarantar akwai manyan yara da yawa, waɗanda rikici ya koro daga wajen Gwoza da Madagali a 2014, karatunsu ya tsaya shekaru. Ba laifinsu ba ne da suka girmi ajinsu. Ni kuwa sai na tsince su kaf na zuba a fili, na ce kowa ya sami ƙwallo ya narka ta gaba, mai ƙarfi ya bi. Muka lallasa wata makaranta ta Jimeta, aka yi ta yi mini barka.

Amma fa akwai wani ɗan tsamurmurin yaro da ya iya tsai da ƙwallo, ya ɗaga kai ya duba kafin ya miƙa. Har na gama ban sa shi wasa ko sau ɗaya ba. Manyan ma ban koya musu kome ba, ƙarfinsu kawai na ara. Da na koma ziyara bayan shekara, sun fita, ƙanana ba wanda ya taɓa karawa da baƙi, shi kuwa yaron ya daina zuwa fili.

'Yan'uwana malamai, ra'ayina shi ne, cin wasa ba shi ne ma'aunin malamin wasanni ba. Ku dubi ƙasarmu. Yaranmu sun ci kofin duniya na ƙanana har sau biyar, watau 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma manyanmu ba su taɓa wuce zagaye na biyu a babban kofin duniya ba. Lalle an sami irin su Nwankwo Kanu daga 'yan 1993, wanda ya ciwo mana zinariya a Atlanta a 1996, da Victor Osimhen daga 'yan 2015. Sauran fa, nawa za ku iya kiran sunansu yau?

Wani zai ce ai yaro ba ya son a ci shi, kuma in ba nasara iyaye ba su sayen ko riga. Gaskiya ne, ni ma ba na son in dawo gida kai a sunkuye. Sai dai yaron da ya iya miƙa ƙwallo da ƙafa biyu zai ci wasa baɗi da baɗin baɗaɗa, girman jiki kuwa shekara biyu tsararsa za su kamo shi.

Saboda haka in an ba ni aji a bana, zan raba yara bisa ga shekaru, biyar-biyar a ƙaramin fili, don kowa ya taɓa ƙwallo sau da yawa. Ranar karawa kuma kowane yaro zai shiga, ko da na minti goma ne, hedimasta ya faɗi abin da zai faɗa.