Wanda Jagora Ya Nuna, Shi Za Mu Sara?



Masu buga World of Warcraft, wasan intanet da kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, sun san dabarar da mutum ɗaya yake sarrafa jarumai har biyar lokaci guda, kowanne da asusunsa. Tun da hannu biyu ne kawai gare shi, sai ya rubuta gajeren umarni da ake kira makro, wanda ba ya wuce haruffa 255. Idan ya sa /follow da sunan jagora, jarumin zai bi jagoran duk inda ya nufa. Idan ya sa /assist, jarumin zai auna duk wanda jagoran ya auna.

Mu dai ba mu ga zunubi a rubuta irin wannan umarni ba. Basira ce, tana kuma koyar da tsari da haƙuri. Sai dai akwai iyaka. A Nuwamba 2020 Blizzard ya haramta manhajar da ke aika danna maɓalli ɗaya zuwa dukan asusai a tare, ko da yake bai hana mallakar asusu fiye da ɗaya ba. Mai bi da ya amince da dokar wasa, sa'an nan ya zagaye ta a ɓoye, ya karya alkawari, ko da babu wanda ya kama shi. Aminci a ƙaramin abu ake fara koyonsa.

Abin da ya fi damunmu shi ne halin jaruman nan na baya. Ba su da ido. In jagora ya yi kuskuren auna wanda bai kamata ba, dukansu za su far masa, kuma babu mai tambaya. Ashe ba haka muke yi ba a wasu lokuta? Wani da muke girmamawa a zumunta ya soki wata 'yar'uwa a WhatsApp, kafin awa guda mu goma mun ɗora namu, alhali ba mu ji ta bakinta ba. Ranar Lahadi sai mu tarar da kujerarta wayam.

Biyayya ga shugabanni abu ne mai kyau, ba ma musun wannan. Amma a 1 Korintiyawa 11:1 Bulus ya ɗaure koyi da shi da nasa koyi da Kristi. A Ayyukan Manzanni 17:11 kuwa an yaba wa mutanen Biriya domin suna bincika Nassi kowace rana su tabbatar da abin da aka koya musu, ko da yake Bulus ne da kansa mai wa'azin.

Jarumin wasa ba zai ba da lissafi a gaban Allah ba, amma kowannenmu zai ba da nasa. Saboda haka a wannan mako, kafin mu tura saƙon da ya ambaci sunan wani, bari mu dakata, mu bincika, mu nemi mutumin mu ji daga gare shi.

Ya Ubangiji, ka buɗe idanunmu, ka tsare hannuwanmu daga cutar da ɗan'uwa. A cikin sunan Yesu. Amin.