Ana tambaya ina uwar yaro take, ba a tambaya wa ya shigo da kayan

Duk lokacin da kuran ya kama yaro a wata unguwa ta Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, tambayar da take fara fita daga bakin masu zaman makoki ita ce: to, ina uwarsa take? Tun kafin a dawo daga maƙabarta an riga an yanke mata hukunci. In an tausaya mata, sai a ce ƙaddara ce, a shafa fatiha, a watse. Firigon da ya yi kisan yana nan a zaure, an ɗan janye shi daga bango. Mai kantin da ya sayar da shi ya zo gaisuwa, har ya ajiye jaka biyu na sadaka, an yi masa godiya. Mai gidan da ya zaɓi waya mafi araha a kasuwa shi ne ke karɓar ta'aziyya.

Wannan shari'a ta zaure ba mu yarda da ita ba, kuma ba mu ne farkon waɗanda suka ƙi ta ba.

A Amurka, bayan yaƙin duniya na biyu, firigo ya shiga kusan kowane gida. Ƙofarsa a lokacin tana da makama mai sarƙewa, wadda ba ta buɗuwa sai daga waje, ga roba a kewaye da ke hana iska shiga da murya fita. Yara masu wasan ɓuya suna shiga cikin tsofaffin da aka jefar a bayan gida, ƙofa ta rufe, sai a tarar da gawa. Da farko hukumomi sun yi abin da muke yi yau: suka ja kunnen iyaye, jihohi da dama suka kafa dokar cire ƙofar duk firigon da aka yar. Mutuwa ba ta tsaya ba. A 1956 majalisar ƙasar ta juya kan masu ƙerawa, ta ce daga ƙarshen Oktoba na 1958 ba za a ƙara fitar da firigon gida zuwa kasuwa ba sai ƙofarsa tana buɗuwa daga ciki. Masana suka gwada yara kimanin 200 cikin akwati mai kama da firigo don su ga yadda yaro ke yi in ya tsinci kansa a rufe. Wasu suka tura, wasu suka yi kuka, wasu kuwa suka zauna shiru suna jira a zo. Aka tsai da cewa turi na kimanin kilo 7 ya isa ya buɗe ƙofar. Masana'antu suka koma ga roba mai maganaɗisu, wadda take jikin firigon kowa a yau. Iyayen Amurka ba su ƙara hankali cikin dare ɗaya ba. Ƙofa aka sake, mutuwar ta ragu ƙwarai.

Wanda yake ganin labarin ya tsufa, ya ji na Janairun 2019: a jihar Fulorida yara uku, masu shekara 1, 4 da 6, suka mutu cikin babban firiza na kwance da aka ajiye a tsakar gida, saboda an ƙara masa ƙarfen rataya kwaɗo, ya sarƙe da murfin ya faɗo. Sai mai karatu ya leƙa gidajen da ake sai da ƙanƙara da lemu a unguwarsu, ya ƙirga firiza nawa aka kai wa maƙeri ya sa musu irin wannan ƙarfe don gudun ɓarayi, da nawa ne suka mutu aka jingine a bayan ɗaki da murfinsu.

Amma babban abin da ke cin yaranmu yana jikin bango. Gidajenmu sun gaji piriz irin na Faransa, mai ramuka zagaye. Kaya masu yawa da ke shigowa ta Jibiya da Magarya da Birnin Ƙonni suna zuwa da kan waya irin na Ingila, mai ƙafa uku, wanda Najeriya take amfani da shi. Wannan kai, tun 1947 aka tsara shi da fiyus a cikinsa, da ƙafa ta uku mai kai wuta ƙasa in ta ɓalle, pirizinsa kuma yana da ƴan ƙyamare da ke rufe ramuka don kada yaro ya zura ƙusa. Me muke yi da shi? Tun a bakin kanti yaron shago zai sa wuƙa ya datse shi, ya fiƙe waya biyu, a gida a cusa su cikin rami a tokare da tsinken ashana. Waya ta uku a naɗe ta a bar ta tana lilo. Ranar da robar ciki ta narke, jikin firigon duka ya ɗauki volt 220, yana jiran ɗan shekara uku da ya fito daga wanka ba takalmi. Ba mu ma yi zancen ƙarfen dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti lokacin sanyi ba, ko ralonji mai waya siririya kamar zaren ɗinki da ake jona wa fanka da talabijin da dutsen guga a lokaci guda.

Maganin wannan sananne ne ga duk wanda ya yi karatun lantarki: ƙaramin disjonkter mai katse wuta da zarar miliamper 30 ya ɓace daga hanya, kafin zuciya ta rikice. A tsarin Faransa da masu gyaranmu suka koya, babban da ke kusa da kwantar sai a miliamper 500 yake motsawa, wato yana iya ceton gida daga gobara, ba ya ceton yaro. Alhaji da ya gina bene ya sa tayil na Dubai, a tambaye shi ko akwai ƙaramin a gidansa.

Ba mu ce uwa ba ta da nauyi ba. Wadda ta bar tukunya a kan gas da yaro a gindinta ta tafi hira, ta yi sakaci, a faɗa mata. Sai dai a yi lissafi da gaskiya. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar yara 7,6 a matsakaici. Mai goyo a baya, da na yaye, da biyu masu rarrafe da gudu, da daka, da ɗiban ruwa, ido nawa Allah ya ba ta? Kuma ko ta tsare firigon dare da rana, wutar da ke jikin ƙarfe ba ta da launi ba ta da wari. Ba ita ta saya ba, ba ita ta jona ba, takardar gargaɗin da ke cikin kwalin, in ma akwai, da Sinanci take ko Turkanci.

Masu fakewa da ƙaddara kuwa, su koma ga malamansu. Risala da ake karantawa a kowane zaure ta hana algus da ɓoye aibin kaya a ciniki. Wanda ya san waya ba za ta ɗauki nauyi ba ya sayar ya yi shiru, hukuncinsa yana nan a fiƙihun Malikiyya tun kafin a san kuran.

To, wa za a kama? Za a ce mana masana'antar tana can Gwanzu, ko kuma firigon tsoho ne da ya gama aiki a Beljiyam, ya biyo jirgi zuwa Kwatano ko Lome. Turawa sun warware wannan a dokarsu ta Yulin 1985, wadda Faransa ta shigar cikin kundinta a 1998. Wanda kaya mai aibi ya cuta ba sai ya nuna an yi ganganci ba, ya isa ya nuna aibin, da cutar, da alaƙar da ke tsakaninsu. Ɗan kasuwar da ya shigo da kaya daga wajen tarayyar ana ɗaukarsa tamkar shi ya ƙera. Mai kantin da ya kasa faɗin inda ya samo kaya, shi zai amsa. Mu kuwa da muka kwafi kundin Faransa har da lambobin ayoyinsa, muna nan a kan aya ta 1382, wadda take ɗora wa mahaifin mamaci aikin tabbatar da laifin wani kamfani da bai san ko sunansa ba. Aya ta 1384 ma ta fi ban takaici, domin mai riƙe da abu take kamawa: in ɗan maƙwabci ne ya mutu, mai gida zai tsaya gaban alƙali, wanda ya cika kwantena ya shigo da ita yana kantinsa.

Mun san abin da alhazan Katako da na kasuwar Dole za su ce: talaka araha yake so, in an tsananta kaya za su yi tsada. Tun karyewar darajar sefa a Janairun 1994 muke jin wannan waƙa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma kan waya mai kyau da ƴan mitoci na wayar ƙasa ba su ne za su hana mai sayen firigo saye ba. Gana ta hana shigo da tsofaffin firigo tun 2013, ko da yake don tsimin wuta ta yi, kuma kasuwannin Kumasi ba su rufe ba. Dokar da muke nema ma kariya ce ga ɗan kasuwa mai mutunci, wanda a yau mai jabu yake karya masa farashi. A 2016 kamfanin Samsung ya janye injinan wanki miliyan 2,8 a Amurka don wani aibi, abin ya yiwu ne saboda an san lambar kowane inji da inda ya tafi. A nan ko rasit ba a bayarwa.

Saura ma'aikata. A 2015 an kafa dokar kare masu saye a ƙasar nan. Muna so ma'aikatar kasuwanci ta gaya wa jama'a kwantena nawa na kayan lantarki aka mayar daga iyaka a ƙarƙashinta. Muna so duwan, da take auna kaya don haraji har zuwa dala ta ƙarshe, ta riƙa rubuta sunan wanda ya shigo da su a inda alƙali zai iya samu. Muna so a hana jona sabon gida da wuta sai an ga wayar ƙasa da disjonkter na miliamper 30. Ma'aikatar lafiya kuma ta umarci kowane asibiti, daga na Yamai har na Tawa, ya buɗe rajista daban ta yaran da aka kawo saboda kuran, ko gas, ko ruwan zafi, a rubuta irin na'urar da kantin da aka saye ta, a buga jimillar a ƙarshen kowace shekara.